Daga Bakin Gado Zuwa Tasha: Yadda Babban da Ya Rasa Gani Ke Koyon Fita

Makantar da ta zo wa mutum da girma daban take da wadda ya tashi da ita. Yaron da aka haifa ba ya gani, kunnensa da tafin ƙafarsa sun fara sanin gida tun yana rarrafe. Direban da hawan jinin ido ya cinye wa gani yana da shekara 50 kuwa, ko telar da ciwon suga ya rufe wa ido, duk abin da suka sani na duniya da ido suka san shi. Ranar da idon ya tafi, ko bayi sai an raka su. Daga nan sai a ware wa mutum ɗaki, a riƙa kai masa abinci, a riƙa cewa, "Baba, zauna abinka, me kake so a kawo maka?" Da kyakkyawar niyya ake yi, amma a haka magidanci ke shafe shekaru bai taka ƙofar gida ba sai ranar zuwa asibiti.

Masu irin wannan hali suna da yawa. Binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya a lokacin, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi ko'ina da kashi 6.1. Makarantun makafi da muka sani, irin ta Gindiri a Jihar Filato wadda aka buɗe a 1953, ko ta Tudun Maliki a Kano, yara aka gina wa. Babba a gida zai koyi mafi yawan abin da zai koya, kuma iyalinsa ne malamansa na farko. Koyon yana da jeri. Idan aka tsallake farkonsa, sauran ba ya kamawa, kuma a ganina babban kuskuren da ake yi shi ne a fara da sana'a alhali mutum bai iya fita ba tukuna.

Kafin komai, a je wurin likitan ido. A wancan binciken yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 cikin ɗari na makantar, ita kuwa yana, tiyatar da ba ta kai awa guda ba ke cire ta. Akwai dattawa a ƙauyuka da ke zaune cikin duhu a kan abin da Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ke warwarewa kullum. A guji masu yawo kasuwa-kasuwa suna ture yana cikin ido da tsinke, domin idon da suka taɓa yakan ƙarasa lalacewa. Hawan jinin ido kuma, wanda ya zo na biyu, abin da ya ci ya ci, ba ya dawowa. Maganin ɗigawa sauran ganin yake tsarewa, shi ya sa ba a daina shi, kuma tunda ciwon yana bin jini, 'ya'ya da ƙanne su ma su je a auna su. A tambayi likita ƙarara: me ya rage a idon? Da yawa daga cikin waɗanda muke kira makafi suna bambance haske da duhu, ko suna ganin gilmawar mutum, kuma ɗan wannan ragowa yana da amfani wajen tafiya.

Idan likita ya ce ganin ba zai dawo ba, za a shiga wani lokaci mai nauyi. Mutum zai yi shiru, zai yi fushi a kan ƙaramin abu, wata rana zai ƙi abinci. Makoki yake yi, a bar shi ya yi. Nasiha tana da wurinta, kuma muna da abin tunawa: Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi ladanci a Madina, an kuma bar masa riƙon garin lokacin da Annabi (SAW) ya fita. Aliyu Namangi na Zariya da makanta ya tsara waƙar Imfiraji. Amma abin da ya fi saurin ɗaga zuciya shi ne ziyarar wani makaho mai rai, wanda ya zo gidan da ƙafarsa da sandarsa, ya zauna, ya ciro waya ya kira matarsa ya ce zai ɗan yi dare. Rassan Ƙungiyar Makafi ta Najeriya a jihohi, da sarakunan makafi na garuruwa, sun san irin waɗannan mutane. A neme su.

Koyo na gaske daga bakin gado yake farawa. Mutum ya tashi tsaye, ya jingina bayan ƙafafunsa da gadon domin ya san ya fuskanci gaba sosai, sannan ya nufi bango. Idan ya samu bangon sai ya bi shi da bayan yatsunsa, yatsun a ɗan lanƙwashe, hannun yana ɗan gaba da jiki, yadda ƙusa ko gefen taga ba za su soke shi ba. Ɗaya hannun ya ɗaga shi a gicciye daidai fuska, tafin yana kallon waje, saboda igiyar shanya da ƙofar da aka bari a buɗe. Hanya ɗaya ake koya a lokaci guda: gado zuwa ƙofa, ƙofa zuwa bayi, bayi zuwa wurin alwala. Sai ta zauna sannan a ƙara wata. Mai koyarwa ya tsaya a baya ya yi shiru, ko da ya ga an kauce, muddin babu wuta ko rijiya a gaba. Wannan shirun ya fi komai wuya ga ɗa mai tausayin uba, amma wanda aka gyara wa kowane taku ba zai taɓa haddace hanyar ba.

Mutanen gida su ma akwai abin da za su koya, kuma nasu horon ya fi tsanani. Komai ya samu mazauni, ya kuma zauna a nan. Buta idan an ɗauka a mayar da ita inda take. Kada a bar turmi ko bokiti a tsakiyar hanya, kada a bar ƙofa rabi a buɗe, ko dai a rufe ta ko a wangale ta ta jingina da bango. Rijiya a yi mata murfi. Idan an sauya wa kujera wuri a faɗa. Wajen cin abinci a riƙa bayani a taƙaice: "Inna, tuwo yana gabanki, miya a damanki, ruwa a hagu can gaba kaɗan." Zuba ruwa a kofi kuwa, a sa kan yatsa a bakin kofin daga ciki, da ruwan ya taɓa shi an san ya isa. Matar da ta yi shekara talatin tana girki ba ta manta girki ba. Hannunta ya san gishiri, hancinta ya san albasa ta soyu, kunnenta ya san tafasar ruwa. Abin da take buƙata shi ne a jera mata kayan miya a robobi masu siffa daban-daban, ta ɗora tukunya kafin a kunna wuta, ta kashe kafin ta sauke, ta kuma ɗaure gefen zani da mayafi. A fara da shayi da kunu, a kai ga miya.

Sai jagora. Mun saba ganin yaro a gaba riƙe da kan sanda, dattijo a baya riƙe da gindinta. Wannan tsari yana kai mutum inda za shi, amma duk labarin hanya yana wurin yaron, sandar ba ta gaya wa dattijon komai. Ga kuma yaron da aka cire daga makaranta domin wannan aiki, wanda hasara ce ta biyu a gida ɗaya. Hanyar da masu horarwa ke koyarwa ita ce makahon ya kama hannun jagora a saman gwiwar hannu kaɗan, ya tsaya rabin taku a bayansa. Shi ke riƙe, ba a riƙe shi, ba a kuma tura shi daga baya. Daga motsin damtsen zai ji an juya, an hau, ko an gangara, tun kafin ƙafarsa ta kai wurin. Idan an zo lungu mai matsi, jagora ya mayar da hannunsa bayansa, makahon ya koma bayansa sosai su bi sahu ɗaya. A bakin matakala a tsaya cak, a ce hawa ne ko sauka. A bakin kwata a faɗi faɗinta: "Yaya, kwata ce, taku ɗaya babba." Wurin zama kuma a ɗora hannunsa a kan makarin kujera, sauran ya ƙarasa da kansa. Kalmomin "nan" da "can" ba su da amfani a wannan aiki. Dama, hagu, gaba, baya, da yawan taku, su ake faɗa.

Farar sanda ita ce ke raba mutum da jiran sai wani ya samu sarari. Salon amfani da ita na yanzu wani Ba'amurke ne, Richard Hoover, ya tsara shi a shekarun 1940, lokacin da yake horar da sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya lura cewa guntuwar sandar dogarawa ba ta ba mutum labari da wuri, sai ya yi doguwa mara nauyi. Tsawonta daga ƙasa ya kai tsakiyar ƙirji ko hamata. Ana riƙe ta a tsakiyar jiki daidai cibiya, ɗan yatsan nuni a miƙe a jikinta, kuma wuyan hannu kaɗai ke motsi. Kanta yana kaiwa dama da hagu, ya ɗan wuce faɗin kafaɗu, ba ya tashi sama da ƙasa sosai. Sirrin yana cikin daidaita ta da taku: idan ƙafar hagu ta yi gaba, sanda ta taɓa dama, idan ta dama ta yi gaba, sanda ta taɓa hagu. Ta haka kullum sandar ta riga ta duba inda ƙafa za ta sauka. A titunanmu masu ramuka da buɗaɗɗun kwatoci ya fi kyau a riƙa jan kan sandar a ƙasa ba tare da ɗagawa ba, domin rami ba ya yin ƙara, sai dai a ji sanda ta faɗa.

A ɗauki hanyar gida zuwa masallacin unguwa, wadda ita ce ta farko da yawancin maza ke so su ƙwace. Daga soro akwai dakali a dama, sandar za ta buge shi. Bayan ƙarshensa ƙasa ta sauya daga siminti zuwa yashi, tafin ƙafa zai ji. Gaba kaɗan injin markaɗe yana ƙara a hagu da safe, da yamma kuma ƙamshin mai ƙosai ne a wurin. Inda bangon gidaje ya ƙare, iska takan bugo kunci kuma sautin taku ya buɗe, alamar an iso mararraba ke nan. A nan ake tsayawa a saurara, a bar adaidaita sahu ta wuce, a ɗan miƙa sanda gaba yadda masu babur za su gan ta, sannan a tsallaka kai tsaye ba da gudu ba. Sai kwalbati, sai tabarmin masallaci. A bi hanyar tare da jagora sau da yawa, sannan jagora ya koma baya da taku biyar, sannan ya tsaya a ƙofar gida yana hange. Sannu-sannu ba ta hana zuwa. Wasu dattawan sukan ƙi farar sanda da farko, suna ganin tallar makanta ce. Kada a yi musu dole. A ajiye ta kusa da gado, a bar su su gwada ta a tsakar gida lokacin da babu baƙi.

Wanda ya iya kai kansa masallaci ko gidan maƙwabta, shi ne ya isa a yi masa maganar sana'a. Tambayar farko ita ce, me yake yi da can? Ɗan kasuwa bai rasa sanin farashi da abokan ciniki ba, yaro ɗaya mai amana da tsarin jera kaya yake buƙata. Malamin makaranta bai rasa iliminsa ba. Mai kiwo yana gane lafiyar tunkiya da hannu. Sai idan tsohuwar sana'ar ta gagara, kamar tuƙi, sannan a koma sabuwa: yin sabulu da man shafawa, haɗa turaren wuta, saƙar kujeru da tabarmi da igiya, kiwon kaji, ko sayar da kayan masarufi a ƙofar gida. Cibiyar koyar da makafi sana'a da ke Oshodi a Legas ta daɗe tana karɓar manya, tana haɗa musu tafiya da sanda, rubutun makafi, kwamfuta da aikin hannu a zama ɗaya, kuma wannan haɗin shi ne daidai. Horon kwana uku da ake yi a zauren taro, a raba takardar shaida da jarkar sinadari a watse, ba ya kai mutum ko'ina idan ba a tanadi wanda zai saya ba, ba a kuma koya masa hanyar kasuwa ba.

Kuɗi suna da tasu dabara. Naira 5 zuwa 50 na leda ne, hannu yana gane su, amma 100, 200, 500 da 1,000 girmansu ɗaya. Sai a ware wa kowace irin ninkinta: dubu a bar ta a miƙe, ɗari biyar a ninka biyu, ɗari biyu a ninka ta tsawo, ko kuma kowace da aljihunta. Rubutun da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa a 1824, mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, yakan yi wa wanda hannunsa ya yi kanta wuya, musamman mai ciwon suga da jin yatsunsa ya ragu. Duk da haka ko haruffa da lambobi kaɗai aka iya, sun isa a yi wa kwalbar magani alama a kuma rubuta bashi. Waya kuwa ta sauya al'amura. TalkBack a wayoyin Android da VoiceOver a iPhone suna karanta abin da yatsa ya taɓa, a buga sau biyu ya buɗe. A kwamfuta akwai NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka gina ta. Muryoyin sun fi ƙwarewa a Turanci, sukan kwaɓa Hausa, amma kunne yana sabawa, saƙon murya na WhatsApp kuma ya rufe sauran giɓin. Mai neman aikin gwamnati ya san cewa dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a ma'aikatu. Aiwatar da ita na tafiyar hawainiya, amma haƙƙi ne a rubuce, ana iya nemansa.

Yanzu ga ɓangaren da iyalai suka fi sakaci da shi. Ana shirin biki a Katsina, ko yawon Sallah, ko gaisuwar rasuwa a ƙauye, sai a ce, "A bar Baba a gida, wahala zai sha, me ma zai gani?" Duk horon da aka yi a baya domin irin wannan rana aka yi shi. Mutumin da ba ya zuwa suna da jana'iza, a hankali dangi sukan daina shawara da shi, wannan kuwa ya fi rashin ido ciwo. Fita tare da iyali ita ce wurin da ake gwada abin da aka koya, a hanyar da ba a haddace ba, cikin mutanen da aka amince da su.

A fara da kusa, kuma a zaɓi wurin da ke da abin ji da taɓawa. A marinar Ƙofar Mata a Kano akwai warin baba da toka, akwai sautin mabuga suna dukan shadda, akwai yadin da za a shafa a ji ƙullin zanensa. A Kasuwar Kurmi fata da ƙwarya da sirdi duk na hannu ne. Hawan Daushe rabinsa na kunne ne: kakaki, algaita, tambura, bindigogin gargajiya, da ƙasa tana rawa idan dawakai suka yi sukuwa. A samu wuri mai bango a baya, nesa da turmutsutsu. Wanda ya samu hali ya kai Yankari, ruwan ɗumi na Wikki ba ya buƙatar ido. Mai bayani kada ya cika surutu, kada kuma ya yi rowa. Ya faɗi abin da shi kansa ya burge shi: launin rawanin hakimi, yadda jika ya buɗe baki da ya ga doki, wace ce ta shigo da wane irin leshi. Wanda ya taɓa gani yana da hotunan a ransa, kalma kaɗan ke tayar da su.

Doguwar tafiya tun ana gobe ake shirya ta, kuma da makahon ake shiryawa. Shi zai haɗa jakarsa domin ya san inda komai yake, a ɗaura wa hannun jakar ƙyalle mai ƙulli yadda zai gane ta cikin kaya. Maganin ɗigawa ya zauna a aljihu, kada ya shiga but. A tasha hayaniya takan rufe duk alamomin da kunne ke bi, saboda haka nan wurin riƙe damtse ne, sandar kuma tana ɗaya hannun. Wajen shiga mota a ɗora hannunsa ɗaya a kan ƙofa, ɗaya a bakin rufin, zai san tsayin da zai sunkuya. A gaya masa su wa ke gefensa. A hanya a riƙa ambaton garuruwan da aka wuce, wanda ya yi shekaru yana bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa zai ma riga ku faɗa daga lanƙwasar titi. Idan an tsaya salla da cin abinci, namiji ya raka namiji bayi, mace ta raka mace, a nuna inda rami yake da inda buta take da kan sanda, a fito a jira a waje. Idan dole a bar shi na ɗan lokaci, a haɗa hannunsa da bango ko jikin mota a ce, "Kawu, zan sayo ruwa, yanzu zan dawo." Tsayuwa a fili babu abin taɓawa tana da firgitarwa ƙwarai.

A jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin dakalin tasha da tarago, a bar sanda ta auna ta kafin ƙafa. A jirgin sama a sanar da kamfani tun wajen sayen tikiti cewa akwai fasinja makaho, za su tanadi mai rakiya, kuma sanda mai naɗewa tana shiga tare da shi. Dokar 2019 ɗin nan ta ba shi fifiko a layi, babu kunya a nema.

A wurin taro, masu gaisuwa su faɗi sunansu tun a sallama. Wasan "ka gane muryar wane ne?" ba ya yi wa kowa daɗi sai mai yin sa. Mai tambaya ya tambaye shi kai tsaye, kada a juya ga ɗansa a ce, "Yana shan shayi?" Wanda zai tashi daga hira ya faɗa, don kada a bar dattijo yana magana da kujera. Idan kwana za a yi, da an sauka a ɗauki minti goma a zagaya da shi masaukin: ƙofa, shimfiɗa, hanyar bayi sau biyu, inda randa take, da alƙibla. A kuma ja masu gida gefe a roƙe su abu ɗaya, cewa duk abin da aka nuna masa a daren nan ya kwana inda yake har a tafi.